Jarrabawar Ranar Laraba

Malam Barnaba ya rubuta kalma huɗu a allo,
allin ya karye a ta uku:
fansa, kafara, baratarwa, alheri.
Shafi biyu, in ji shi, kafin a buga ƙarfe.
Ƙarfen kuwa bakin tsohuwar garma ne, rataye a reshen maina.

Mu sha ɗaya ne a ajin nan na bayan Gani,
ni ne babba, ni ne mai nauyin hannu.
Shekara talatin hannun nan ya saba da ƙotar fartanya,
biro sai sulɓewa yake kamar tarwaɗa.

Fansa na san ta tun ban san baƙi ba.
Shekarar da gyaɗa ta ƙi, babana Nomau ya jinginar da fadamarmu.
Damina bakwai muna wuce ta ta gefe,
muna ganin rakenmu a bakin 'ya'yan wasu.
Sai kawu Jatau ya ja bijiminsa kasuwar Sumaila,
ya dawo da igiya kaɗai a kafaɗa.
Na rubuta haka, na tsaya.
Jiya Malam ya ce misali jaki ne,
zai kai ka bakin kogi, ba zai haye da kai ba.
"In jingina ce, wa aka biya?"
Muka yi tsit, har muna jin injin niƙa daga cikin gari.

Kafara ma ba baƙuwa ba ce.
Ni nake riƙe wa kakana ƙafafun jan zakara a gindin tsamiya.
Har yau tafina bai manta da shure-shuren ba.
Jinin ya bushe, tururuwa su kwashe saura,
baɗi a nemo wani zakaran.
A nan an ce mana sau ɗaya aka yi, an gama.
Sau ɗaya!
Na ja layi a ƙarƙashinsa har takardar ta huje.

Ta ukun ce ta tsaya mini a maƙogwaro.
Wai alƙali ya dubi mai laifi, ya san da laifin,
ya ce tashi, wani ya ɗauka.
Ni kuwa akwai gambar iyaka da na matsar da dare,
taku uku cikin gonar Tambaya, matar marigayi Cindo.
Shekara tara ke nan. Ba wanda ya gani.
Gero daga takun nan uku na cikin kuɗin makarantata.
Na bar wurin fari fat.

Kan alheri mun yi musu ran Litinin.
Filibus ya ce an jefo guga, kai ne da kamawa.
Ban tanka ba a lokacin, yanzu nake rubutawa:
ina ɗan shekara shida na faɗa rijiyar Unguwar Bawa.
An jefo igiya. Na gan ta tana lilo a kan fuskata.
Hannu ɗaya a karye, ɗayan ya ƙi jin magana.
Ɗan'azumi mai haƙar rijiya, ba danginmu ba, ba addininmu ɗaya ba,
shi ya sauko har inda nake,
ya ɗaure ni a bayansa da rawaninsa.
Ban kama komai ba.
Warin guminsa kawai na riƙe.
Innata ta bi shi da tiya biyu ta dawa, ya ce ta mayar.

Aka buga ƙarfe.
Malam ya duba takardata a tsaye, ya daɗe.
"Dattijo, ko aya ɗaya ba ka kawo ba.
Nan kuma fa, me ya cinye amsar?"
Na ce, tana gida, Malam, sai an yi hutu.

A waje Kyauta na jirana da goyo, an tashi ajin mata.
Ta ce, ka ci?
Na ce, in mun koma ki tuna mini
in ari magirbi, in kira Tambaya ta tsaya a wurin.